Me ya sa titi ke yin faso? Abin da ya kamata uwargida ta sani game da kwalta

Da zarar hunturu ya kama, kowace uwa ta san aikin da ke gabanta. A shafa wa yara man kaɗanya, a sa musu basilin a leɓe, a riƙa duba dunduniyarsu ko faso ya fara. Mun san dalilinsa: fata ta bushe, maiƙonta ya ƙare, sanyi ya takure ta, sai ta dare. Titin kwaltar da ke ƙofar gidanmu ma yana yin nasa fason, kuma dalilin bai yi nisa da na ƙafar yaro ba.

Wata za ta ce, ina ruwan uwargida da maganar injiniyoyi? Ruwanta kuwa da yawa. A kan titin nan ne A Daidaita Sahu ke kai yara makaranta. Ta kansa ake garzayawa da mai naƙuda asibiti cikin dare. Idan ya lalace kuɗin mota ya tashi, tumatirin da aka ɗauko daga Kadawa ya ruɓe a hanya, kuma mai cefane ce ke biyan bambancin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Gudun wuce sa'a da ganganci suna da babban kaso a ciki. Amma duk wadda ta taɓa shiga motar da direbanta ya kauce wa rami ya hau hannun wasu, ta san lalacewar hanya ma tana ci mana rayuka.

Rami kuwa ba rana ɗaya yake faɗawa ba. Da 'yar siririyar tsaga yake farawa, wadda ko tsinken tsintsiya ba zai shiga ba.

Kwalta kamar kantun riɗi ce

Abin da muke takawa muna kira kwalta haɗi ne. Kusan kashi 95 cikin 100 na nauyinsa tsakuwa ce da yashi da garin dutse. Sauran kashi 5 ɗin shi ne baƙin danƙon da ke manne su, wanda injiniyoyi ke kira bitumin. Ki ɗauke shi kamar kantu: riɗi shi ne tsakuwar, narkakken sukari shi ne danƙon. Sukarin bai kai riɗin yawa ba, amma shi ke sa kantu ya yi kyau ko ya ɓaci. Idan bai dahu ba kantun ya yi ta cakwaɓewa a hannu. Idan ya ƙone ya yi gautsi, ana taɓawa yana marmashewa.

Ita kanta kalmar kwalta aro ce daga Turanci, daga sunan wani baƙin ruwa mai kauri da ake samu idan an gasa kwal. Da shi aka riƙa yin tituna a Turai a da. Daga baya aka gano yana ɗauke da sinadaran da ke jawo ciwon daji, aka rabu da shi, sunan dai ya zauna a bakinmu. Danƙon yau daga ɗanyen man fetur yake fitowa. A matata ana dafa ɗanyen mai a cire iskar gas, a cire fetur, kananzir, dizal da man inji. Abin da ya rage a ƙasa, baƙi wuluk mai kauri, shi ne danƙon titi. Ƙanzon tukunyar ke nan.

Halinsa irin na manja ne, yanayi ke juya shi. A zafin digiri 150 zuwa 170 yana kwarara kamar mai, a lokacin ne ake cakuɗa shi da tsakuwa. A zafin rana na yau da kullum yana da tauri amma yana ɗan bayarwa. A tsananin sanyi kuwa yakan ƙame, ya koma kamar gilashi, ya fashe idan an matsa masa.

Me ke cikin danƙon?

Fiye da kashi 80 cikin 100 na danƙon sinadarin kabon ne, kusan kashi 10 haidurojin, sauran kuma farar wuta ce da ɗan oksijin da naiturojin da ɓurɓushin ƙarfe. Sai dai masana ba su fi damuwa da wannan lissafin ba. Abin da suke dubawa shi ne dangogin da ke zaune a cikinsa.

Na farko su ne asfaltin, wasu ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe masu tauri. Su ne ƙashin danƙon, su ke hana shi malalewa da rana. Yawansu kan kama daga kashi 5 zuwa 25.

Na biyu mayuka ne iri biyu, waɗanda ƙwayoyin asfaltin ke iyo a cikinsu. Su ne maiƙon titi, su ke ba shi taushin da zai miƙe ba tare da ya tsinke ba.

Na uku shi ne rezin, mai yauƙi da mannewa. Shi ne mai shiga tsakani, yana lulluɓe ƙwayoyin asfaltin don kada su dunƙule wuri guda su bar man gefe.

Mai yin cincin za ta gane wannan da wuri. Fulawa ta yi yawa, kwaɓi ya yi tauri yana tsagewa wajen murzawa. Mai ya yi yawa, ya ƙi tsayuwa. Danƙon da asfaltin ya rinjaya yana jure zafi amma yana saurin darewa a sanyi. Wanda mai ya rinjaya yana jure sanyi amma ya lotsa a bazara.

Akwai kuma baƙo na huɗu da ke zuwa a wasu nau'o'in ɗanyen mai: kaki, irin wanda ake yin kyandir da shi. Idan sanyi ya daɗe, kakin yakan daskare a cikin danƙon, ya ƙara masa tauri a daidai lokacin da ake son ya saki jiki.

Yawan kowane ɗaya ya danganta ne da rijiyar da man ya fito. Ɗanyen man Benezuwela mai nauyi ne, yana ba da danƙo mai yawa. Na Nijeriya, irin su Bonny Light, marar nauyi ne. Yana da tsada a kasuwar duniya saboda yana ba da fetur da dizal sosai, amma ƙanzonsa kaɗan ne. Shi ya sa aka tsara sashen matatar Kaduna mai yin danƙon titi da man inji a kan ɗanyen mai mai nauyi da ake shigowa da shi daga waje. Muna kuma da danƙo kwance a ƙarƙashin ƙasa a jihohin Ondo da Ogun da Edo, musamman garin Agbabu, an san da shi fiye da shekara 100. Duk da haka yawancin wanda ake zuba mana a titi sayo shi ake yi daga ƙasashen waje.

Yadda sanyi ke tsaga titi

Kusan duk abin da ya ji zafi yakan buɗe, idan ya ji sanyi ya motse. Titi ma haka. Da za a ɗaga kwalta mai tsawon mita 100 a ajiye ta sake, zafinta ya sauka da digiri 30, za ta motse da santimita 6 zuwa 9, wato kusan tsawon ɗan yatsa.

Matsalar ita ce ba sake take ba. Tana manne da ƙasan da aka shimfiɗa ta a kai, kuma ba ta da baki, doguwa ce daga gari zuwa gari. Tana son motsewa, ƙasa ta riƙe ta. Sai ja-in-ja ya taru a jikinta, kamar zanen da aka ɗaure bakinsa biyu alhali yana shiga ruwa.

A nan ne halin danƙo ke bayyana. Idan da sauran maiƙo a jikinsa, zai riƙa miƙewa a hankali yana sauke wannan ɗaurin, gari ya waye ba abin da ya faru. Idan ya riga ya ƙame, ɗaurin ya yi ta taruwa har ya fi ƙarfinsa. Sai titi ya dare daga sama zuwa ƙasa, tsagar ta ratsa shi daga wannan gefe zuwa wancan, a miƙe kamar an ja layi.

Da farko tsage-tsagen kan yi nisa da juna, mita da yawa a tsakani. Shekara na tafiya, danƙo na ƙara tsufa, sababbi na fitowa a tsakanin tsofaffin, har mota ta riƙa yin kwas-kwas-kwas a kansu.

Tsufan danƙo shi ne rabin labarin. Iskar oksijin tana shiga jikinsa a hankali tana mayar da mayukan rezin, rezin kuma ya koma asfaltin. Kullum ƙashi na ƙaruwa, maiƙo na raguwa. Shi ya sa sabon titi yake baƙi ƙirin, tsoho kuma ya koma ruwan toka. Kin ga bokitin robar da aka bari a rana shekara guda, wanda da ana lanƙwasa shi yanzu kuma ana ɗauka yake ɓallewa? Haka danƙo ke yi.

Abin da ƙasashen sanyi suka koya

Asalin wannan ciwo na ƙasashen dusar ƙanƙara ne. A Kanada da arewacin Amurka sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifili, har ya wuce. Dare ɗaya ya isa ya tsaga sabon titi.

Tsohuwar hanyar auna danƙo ita ce ta allura. Ana ɗora allura mai nauyin giram 100 a kan danƙon da ke zafin digiri 25, a bar ta daƙiƙa 5, a ga iya nutsewarta. Danƙon da ake kira 60/70, wanda aka fi amfani da shi a Nijeriya, shi ne wanda allura ke shiga milimita 6 zuwa 7. Na 80/100 ya fi shi taushi. Awon yana da sauƙi da araha, amma a zafi ɗaya tak ake yin sa. Ba ya faɗin yadda danƙon zai yi da tsakar ranar bazara ko da asubahin hunturu.

A 1967 aka shimfiɗa titin gwaji a Sent An, cikin lardin Manitoba na Kanada, aka yanka shi kashi-kashi, kowane kashi da irin danƙonsa. Sanyi ɗaya ya bi ta kansu duka. Wasu suka tsage, wasu suka tsira. Masu taushi sun fi jurewa. Aka kuma ga danƙo biyu da allura ta ba su lamba ɗaya suna iya bambanta sosai, saboda ba daga irin ɗanyen mai ɗaya suka fito ba.

A 1987 majalisar dokokin Amurka ta ware dala miliyan 150 don binciken hanyoyi na shekara 5. Daga nan aka fito da tsarin da ake kira Superpave a 1993. A wannan tsari danƙo yana ɗauke da lamba biyu. Idan an rubuta PG 64-22, ana nufin zai jure zafin titi har digiri 64 bai lotsa ba, ya kuma jure sanyi har digiri 22 ƙasa da sifili bai tsage ba. Jihar Minesota mai tsananin sanyi tana amfani da irin su PG 58-34. Wuraren hamada kamar Arizona kuma suna neman mai lambar zafi 70 ko 76. Kowane gari da rigarsa.

Kafin a ba danƙo lamba, sai an tsufar da shi da gangan. Ana gasa shi a tanda kamar yadda zai gasu a injin haɗi, sannan a rufe shi awa 20 cikin tukunyar matsi mai zafin kusan digiri 100, don ya yi kama da wanda ya yi shekaru a titi. Daga nan a yanko ɗan siririn yanki da bai kai biro tsawo ba, a tsoma shi a wani ruwa mai tsananin sanyi, a danna tsakiyarsa. Abu biyu ake dubawa: yaya taurinsa, kuma yaya saurin sakin jikinsa. Wanda ya faɗi ko ɗaya, ba a yarda a zuba shi a garin da ke da irin wannan sanyin.

Danƙo zalla ba ya iya riƙe tsananin zafi da tsananin sanyi gaba ɗaya. Idan tazarar lambobin biyu ta haura kusan digiri 90, sai an yi masa ƙari. Galibi roba ake narkawa a ciki, wadda ke sa shi ya miƙe ya dawo kamar danƙon harbi. Tun a shekarun 1960 wani injiniya a birnin Finiks na Arizona, Charles McDonald, ya fara niƙa tsofaffin tayoyin mota yana dafa garin cikin danƙo, kuma har yau ana yi.

Labarin baƙin mai a Ontariyo

Ba kowane ƙari ne alheri ba. A lardin Ontariyo na Kanada an yi shekaru ana ganin sababbin tituna na tsagewa tun ba su je ko'ina ba, alhali danƙon ya ci jarrabawar ɗakin gwaji. Farfesa Simon Hesp na Jami'ar Queen's da ke Kingston ya daɗe yana bin diddigin lamarin. Abin da ya nuna wa yatsa shi ne guggubin baƙin mai, wato abin da ke saura bayan an sake tace man injin da aka juye daga motoci. Ana zuba shi cikin danƙo mai tauri don ya yi taushi ya sami lambar sanyi a farashi mai rahusa. Yana barin shaida, domin man inji na ɗauke da ƙarfen zink da ba a samu a danƙo na asali. A 2016 rahoton babbar mai binciken kuɗi ta lardin ya tabo maganar titunan da ke tsagewa kafin lokacinsu da rashin ingancin danƙon da aka yi su da shi.

Darasin a fili yake. Da ido ba a gane danƙo, duk baƙi ne. Gwaji ne ke fallasa shi, kuma gwajin ma sai an ɗebo samfurin daga abin da aka zuba a titi, ba wanda mai sayarwa ya kawo a kwalba ba.

Mu da ba mu da dusar ƙanƙara fa?

A ƙasar Hausa zafi ne babban abokin gaba. A watan Afrilu zafin iska a Kano da Sakkwato da Maiduguri kan kai digiri 40 ko fiye. Titi baƙi ne, yana shan rana, samansa kan haura digiri 60. Danƙon 60/70 kuwa yana fara sakin jiki ne a wajen digiri 50. Shi ya sa kike ganin titi ya yi kwari biyu a sawun taya, ya tattare kamar tabarma a shataletale da wuraren da tireloli ke taka birki. Don gudun haka ne ake zaɓar mana danƙo mai ɗan tauri.

Amma zafin nan shi ke gaggauta tsufa. Danƙon da ya fara da tauri, rana ta yi shekaru tana gasa shi, sai maiƙonsa ya ƙare da wuri. Sai hunturu ya zo. Da rana saman titi ya ɗau zafi, da asuba iska ta sauko digiri 12 ko 13, wani lokaci ƙasa da haka. Kullum titi na buɗewa yana motsewa. Sanyinmu bai isa ya tsaga shi a dare ɗaya ba, amma maimaituwar tana gajiyar da shi, kamar murfin gwangwanin madara da ake lanƙwasawa gaba da baya har ya ɓalle.

A cikin Sahara abin ya fi tsanani. Babbar hanyar da ta taso daga Aljiyas ta biyo ta Tamanraset da Agadas da Damagaram da Kano zuwa Legas tana da tsawon kusan kilomita 4,500. A tsaunukan kudancin Aljeriya daren hunturu kan kusanci daskarar da ruwa, a Legas kuwa ruwan sama ne matsala. Hanya ɗaya ce, amma danƙo ɗaya ba zai yi mata daga farko zuwa ƙarshe ba.

Akwai kuma tsufan da ake jawo wa danƙo tun kafin ya taɓa ƙasa. Idan zafi ya haura digiri 100, duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurin tsufansa kusan sau biyu. Danƙon da aka ƙona a injin haɗi, ko aka yi ta dafawa a durom kan itace ba ma'aunin zafi kamar yadda ake gani wajen cike ramuka, ya tsufa tun ranar haihuwarsa. Haka idan ba a daddanne kwaltar sosai da rola tun tana da zafi ba, ƙofofin iska kan rage a ciki, oksijin da ruwa su sami hanya.

Daga tsaga zuwa rami, damina ce ke ƙarasa aikin. Ruwa ya bi tsagar ya sauka ga marmarar da ke ƙasa, ta jiƙe ta yi laushi. Ya kuma shiga tsakanin danƙo da tsakuwa ya raba su. Tirela ta taka, gefen tsagar ya karye. Kafin kaka an sami rami.

A 2023 Ministan Ayyuka David Umahi ya fara matsa wa a koma yin manyan hanyoyin tarayya da kankare. Kankare ba ya narkewa a rana, amma shi ma yana motsewa. Shi ya sa ake yanka masa layuka da gangan, don ya tsage a inda aka zaɓa masa.

Yadda za ki karanta titin unguwarku

Ba kowace tsaga ce ta yanayi ba. Siffarta na faɗin ciwonta.

Wadda ta ratsa titi daga gefe zuwa gefe, ta kuma maimaitu a gaba: motsewa ce, ko ta kwaltar kanta ko ta shimfiɗar da ke ƙarƙashinta.

Wadda ta raba titi gida-gida kamar manyan tayil: danƙo ne ya tsufa ya bushe. An fi ganinta a layukan cikin unguwa da filin ajiye motoci.

Wadda ta yi ƙananan gidaje kamar fatar kada, a daidai sawun taya: nauyi ne ya fi ƙarfin titin, ko ƙasan ya jiƙe. Wannan ta kusa zama rami.

Doguwar da ke bin gefen titi: galibi ƙasa ce ke motsi. Baƙar lakar yankin Tafkin Chadi, wajen Dikwa da Gamboru, tana kumbura da damina ta motse da rani, ta ja titi tare da ita.

Iri biyun farko suna da magani mai araha idan an zo da wuri. A hure ƙurar tsagar a ɗura mata danƙo mai roba, ko a yi wa saman titin sabon shafi siriri. Lokacin yin haka shi ne rani, kafin ruwan farko. Idan aka bari ta zama fatar kada, sai an fasa an sake gini, kuɗin kuma ya ninka sau da yawa. Rigakafi ya fi magani, a titi ma haka ne.

Abin da ke hannunmu

Zaɓen danƙo aikin injiniya ne da ɗan kwangila. Amma akwai abubuwan da ke kashe titi waɗanda daga gidajenmu suke fitowa.

Ruwan wanki da na wanke-wanke da ake sakowa kan titi kullum yana yin aikin damina wata goma sha biyu. Sharar da ake zubawa a kwata tana toshe ta, ruwa ya hau titi ya kwanta. Babu abin da kwalta ta ƙi jini kamar kwantaccen ruwa.

Fetur da kananzir da dizal 'yan uwan danƙo ne, daga tukunya ɗaya suka fito, don haka suna narkar da shi. Wurin da ake gyaran mota ko janareta a kan titi, ki duba, za ki ga tsakuwa ta fara zubewa.

Ƙona shara ko taya a kan kwalta yana cinye maiƙon wurin a sa'a ɗaya. Ki ja kunnen samarin gida, musamman lokacin sanyi da ake hura wuta a bakin titi.

Fasa titi don wucewa da bututun ruwa, a mayar da ƙasa kawai a tafi, buɗe wa ruwa ƙofa ne. Idan ya zama dole, a nemi izini a kuma tabbatar an rufe da kwalta.

Sai kai ƙorafi inda ya dace. Manyan hanyoyin tarayya suna hannun FERMA, wadda aka kafa a 2002. Jihohi suna da nasu, kamar KARMA a Kano da KADRA a Kaduna. Ƙananan layuka kuma galibi na ƙaramar hukuma ne. Wayar da ke hannunki ta isa: a ɗauki hoton tsagar da sunan layi da kwanan wata, a tura ta hannun mai unguwa ko kansila ko ƙungiyar iyayen yara ta makaranta. Ƙorafin mata ashirin masu hoto ya fi na mutum ɗaya nauyi. Idan kuma sabon titi ne ya fara tsagewa, a yi magana da wuri, domin kwangilar hanya takan ƙunshi wani wa'adi bayan kammalawa wanda gyara ke wuyan ɗan kwangila.

Kula da yara

Titin da ya kai digiri 60 yana ƙona tafin ƙafa cikin daƙiƙoƙi kaɗan, fatar ƙaramin yaro kuma ta fi ta babba laushi. Kada a aiki yaro da tsakar ranar bazara ba takalmi.

Idan ana aikin titi a layinku, a nesanta yara da durom ɗin danƙo. Zafinsa ya fi na tafasasshen ruwa nesa ba kusa ba, kuma yana mannewa a fata ya ci gaba da ƙuna. In tsautsayi ya faɗa, a sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi na kimanin minti 20. Kada a ɓamɓare danƙon, fata zai biyo. Kada a zuba fetur ko kananzir, kada a shafa ƙwai ko man goge baki. A tafi asibiti nan take. Idan kuwa danƙon da ya huce ne ya shafi hannu ko ƙafa, man gyaɗa na cire shi a hankali, sannan a wanke da sabulu.

Gobe idan kin fita raka yara, ki ɗan sunkuyar da kai ki dubi titin layinku. Wace irin tsaga kika gani, mai ratsawa, mai gida-gida, ko fatar kada? Shekara nawa da yin titin, kuma an taɓa zuwa an liƙe tsagarsa kafin damina? Ki faɗa mana a sashen sharhi da ke ƙasa tare da sunan garinku, mu ji yadda abin yake a sauran wurare. Allah Ya kiyaye mana hanya, Ya dawo mana da yaranmu gida lafiya.